Sirrin Gidansu a Takardar Darasi

Kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, ku bari in riga ku. Na tafka wauta, irin wadda sai mai digiri biyu ce za ta iya tafkawa, kuma da hannuna na yi ta, ina shan shayi ina jin ni wata ce. Ke da kika turo min saƙo kina cewa kullum ni ce mai gaskiya a labarina, gyara zama ki karanta, yau ba ni da gaskiya ko kaɗan. Abin da yake ci min rai shi ne ba ni kaɗai ce marar gaskiyar ba.

Ga waɗanda yau suka fara karo da ni, a jami'a nake koyarwa, sashen kasuwanci. Darasina shi ne dabarun tafiyar da kamfani da manufofin kasuwanci. 'Yan ajin ƙarshe nake ɗauka, su ɗari da arba'in da biyu, a ɗakin da aka gina wa mutum tamanin. Fanka uku ce a sama, ɗaya ce ke juyawa, ita ma sai ta ga dama. Aikina in koya musu yadda kamfani yake duba kansa: ina ƙarfinsa, ina rauninsa, wace dama ce a gabansa, wace barazana ce ke biye da shi. Har waƙa 'yan bayan aji suka mayar da abin, ina shigowa za su fara buga benci, "ƙarfi, rauni, dama, barazana!" Shekarata talatin da ɗaya, kuma a gidanmu an fi haddace wannan lambar a kan sunan darasin da nake koyarwa.

Shi kuma wanda zan aura, Mai Katifa muke ce masa. Gwaggo ce ta raɗa masa, ƙanwar Abbanmu, wadda tun rasuwar Abba ita ke yanke magana a gidan, Umma sai dai ta ce to. Mahaifinsa yana da masana'antar katifa. Su uku ne maza, shi ne na tsakiya, shi ke kula da injuna. Dogo ne, ba shi da hayaniya, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu, kuma duk turaren da ya fesa sai ɗan warin gam da soso ya biyo baya. Wata bakwai yana zuwa duk Asabar da yamma. An gama magana tsakanin manya, saura wata uku a ɗaura aure.

Wasu matan kalaman soyayya ake kawo musu. Ni matsalolin masana'anta ake kawo min. Zai zauna a kujerar da ke kusa da taga a falonmu, ya ajiye tarin makullansa a kan teburi, ya kurɓi shayi sau ɗaya, ya fara.

"Kin san yau ma motoci huɗu sun kwana da kaya? Baba ya tafi ta'aziyya da hatimi a aljihu. In bai buga ba, ko matashin kai ba ya fita."

Wata Asabar kuma ya ce duk sabuwar katifar da aka yi sai Alhaji, mahaifin nasa, ya kwanta a kai da kansa, in bayansa bai yarda ba an soke ta, alhali masu sayen samari ne da amare. Wata ranar wansa, Yaya Babba, ne abin ƙorafi, shi da ke riƙe da sayarwa, ba ya ba kowa kaya sai dilolin da suke abokansa tun na makaranta. Ga wani sabon kamfani ya fito, ta waya ake oda, su naɗe katifa su kai maka har ƙofa. Da ya kawo shawarar a yi sirara don ɗakunan kwanan ɗalibai, Alhaji ya kalle shi ya ce, "Katifa za mu yi ko tabarma?"

Ina saurarensa, wallahi ina tausaya masa. Amma ba zan ɓoye muku ba, rabin kunnena na masoyiya ne, rabi na malama. Yana magana ina jera abin a kaina: wannan rauni, wannan barazana.

Farkon zangon nan shugaban sashenmu, Furofesa, ya tara mu. Ya ce ya gaji da leƙa aji ya ga yara suna gyangyaɗi a kan labarin kamfanonin jiragen sama na ƙasashen da ba za su taɓa zuwa ba. Kowane malami ya rubuto kes na gida. Kes shi ne labarin wani kamfani da matsalarsa, a ba ɗalibai su zama kamar su ne masu shi, su nemo mafita. Sati huɗu ya ba mu. Kamfani tara na rubuta wa takarda. Takwas ko kallo ban ishe su ba, na taran ya amsa da layi ɗaya, wai sirrin kamfani ne.

Ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ranar Lahadi da hantsi, na buɗe kwamfuta. Ban yi wahala ba, abin ya zubo kamar dama jira yake. Shafi takwas. Na mayar da katifa kujerun falo, na sa masa suna Kamfanin A, na ce a raina na rufa asiri. Duk abin da Mai Katifa ya taɓa gaya min a kujerar nan ta taga na zuba, na kamfani da wanda ba na kamfani ba, don kes yana son rai. A ƙarshe na jera tambayoyi biyar. Ta huɗu ita ce: "Idan kai ne ɗa na biyu, ta yaya za ka karɓi ragamar kamfanin daga hannun mahaifinka ba tare da gidan ya watse ba?"

Ga inda za ku zage ni da hujja. Na ɗauki waya na rubuta masa, "Akwai abin da nake son neman izininka a kai." Na kalli saƙon, na goge. Ba mantawa na yi ba. Na san in na tambaya zai ce a'a, ni kuma ina son kes ɗina.

Ranar da na raba takardar, ajin da na sani ba shi na gani ba. Babu mai danna waya, babu mai barci. Wani ya miƙe ya ce a yi wa tsohon ritaya, wata ta ce ka isa ka yi wa ubanka ritaya? Wani daga baya ya ce, "Malama, wallahi babana ne wannan, shagon taya kawai aka canza!" Aji ya kwashe da dariya. Lokaci ya cika ba wanda ya motsa. Furofesa ya tsaya a bakin ƙofa yana gyaɗa kai, daga baya ya ce min wannan shi ne koyarwa. Na koma gida kaina ya yi girma. Na raba su rukuni goma sha huɗu, na ba su sati uku su dawo da mafita.

Akwai maganar da nake maimaita musu tun ranar farko, har sun gaji da ji. "Kada ku yarda da takarda. Ku tashi ku je ku gani da idonku." Ni na koya musu, ba wani ba.

Ranar Laraba ina ofis, ɗan ƙaramin ɗakin da muke rabawa mu uku, ina cikin doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ina duba rubutun gwaji da jan biro. Aka ƙwanƙwasa. Wata ɗaliba ce da 'yan aji ke kira Lauya, matar aure ce mai tabarau, kullum a bencin gaba, ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba. Ita ce ɗalibar da na fi ji da ita. Ta shigo baki har kunne, 'yan rukuninta na leƙe a bayanta.

"Malama, albishirinki. Mun gano shi!"

"Kun gano wa?"

"Kamfanin A. Ai ba kujeru suke yi ba. A shafi na uku kin ce suna da injin zuba soso mai tsawon mita goma sha biyu. Muka ce me mai kujera zai yi da wannan? Muka bi masu katifa ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar direbobi wane ne mai 'ya'ya uku da yake yawo da hatimi a aljihu. Direba na biyu ya nuna mana."

Na ajiye biron a hankali.

"Kun shiga?"

"Jiya! Ai babban ɗan mutumin kirki ne, Malama. Har lemo ya sa aka kawo mana. Ya ce mu ba shi takardar ya gani, ya karanta tas a gabanmu, ya sa aka yi masa kwafi biyu. Ya ce a gaishe ki, wai ya san ki."

Sunana a saman kowane shafi yake, da manyan baƙaƙe. Tana tsaye tana jiran yabo, ta kuwa cancanta, don abin da na koya mata ta yi. Na ce sun yi ƙoƙari. Suna fita na rufe ƙofa na zauna a ƙasa a bayan teburi, inda ba mai gani ta taga.

Na kira Mai Katifa sau shida bai ɗauka ba. Na rubuta, "Don Allah ka kira ni." Ya buɗe, shiru. Na rubuta, "Zan yi maka bayani." Ya buɗe, shiru. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa.

Na ruga wurin Furofesa na ce a janye kes ɗin. Ya cire tabarau ya ce ai shi ya ɗauka na karɓi takardar izini daga kamfanin, haka ƙa'ida take, kowa ya sani. Mutumin da bai tambaye ni izini ba ranar da yake gyaɗa kai a bakin ƙofa. Ya ce sashe ba shi da hannu a ciki, in je in gyara abina, amma gabatarwar ɗalibai tana nan ranar Litinin, ba za a ɗaga ba.

Ina isa gida na ga takalman Gwaggo a ƙofar falo, na san labari ya riga ni. Mahaifiyar Mai Katifa ta kira Umma. Umma tana zaune a gefen kujera da carbi a hannu, idonta ya yi ja. Gwaggo ko mayafi ba ta cire ba.

"Sannu da zuwa, malamar malamai. Sannu da aiki. Mutane sun buɗe miki ƙofa za su karɓe ki, ke kuma kin kwashe cikin gidansu kin baza a allo."

"Gwaggo, ban sa sunansu ba."

"Rufe min baki! Kin sa sunansu, ba ki sa ba, yara ba su je har ofis ba? Wai har da tambayar yadda za a ture uba daga kujera. Ke ubanki aka yi wa haka za ki ji daɗi? Yanzu yayansa yana yawo da takarda yana cewa ga shaida, ƙaninsa da matar da zai aura sun gama shiri. An karɓe wa yaro makullai, an ba autansu."

Umma ta ce a hankali, "Me ya kai ki?"

Wannan ta fi min duk faɗan Gwaggo ciwo. In ce mata yabon Furofesa ne ya kai ni?

Ranar Asabar Mai Katifa ya zo. Na sa atamfa mai duhu, ban shafa komai a fuska ba, na kai shayi da biskit kamar kullum. Bai zauna a kujerar taga ba, can kusa da ƙofa ya zauna. Ya rame a kwana uku, gemunsa ba gyara. Ya kai hannu aljihu kamar zai ciro makullai, ya tuna, ya mayar da hannun kan gwiwa. Nan hawaye ya zo min.

"Ka yafe min. Na ci amanarka, ba ni da abin cewa."

Ya kalli kofin shayin. Sannan ya ce, "Baba yana son ganinki gobe da safe a ofis."

"Zan je. Zan gaya masa ba ka san na rubuta ba."

"Wannan ba zai isa ba." Ya matso gaba ya rage murya. "Ba rubutun ne ya fi ɓata masa rai ba. Waye ya gaya miki, shi ne maganar. In aka ce da bakina na zauna ina kai ƙararsa waje, na gama a gidan nan. Shekara goma sha ɗaya ina cikin injunan nan."

"To me zan ce?"

"Ki ce a wayata kika gani. Ina rubuta irin waɗannan abubuwan in ajiye, wasu kuma na tura wa abokina. Ki ce na bar wayar a falo na fita salla, kika buɗe."

Na kalle shi. Na ɗauka ban ji daidai ba.

"In ce na saci wayarka na karanta?"

"Ba sata ba ce, dubawa ce. Ke mace ce, za a ce halin mata ne, a yi miki faɗa, ya wuce. Ni ba zai wuce min ba."

"Ɓarauniya kake so in zama a gaban mahaifinka, in shiga gidanku da wannan sunan?"

Ya ɗago ido a karon farko tun da ya shigo. "Ai kin riga kin ɗauka. Inda kika ɗauka kawai za ki canza."

Masu karatu, an sha gaya min magana a duniya, amma ba a taɓa gaya min mai ɗacin wannan ba, kuma ɗacinta gaskiyar da ke ciki ne. Ya tashi bai taɓa shayin ba, ya ce in yi tunani, rayuwarsa tana hannuna.

Ashe Gwaggo tana ɗakin Umma, ƙofa a buɗe. Motarsa ba ta bar layi ba ta fito.

"To me ye a ciki? Wace mace ce ba ta duba waya? Ni da a zamanina akwai waya, da na duba ta safe da yamma. Ki je ki faɗa, ki sunkuyar da kai, ki yi kuka in kukan ya zo. Ke kika jefa shi, ke za ki ciro shi."

"Ƙarya ce fa, Gwaggo."

"Yau kika san haram? Ranar da kike rubutun ina imanin yake? Ki ji ni da kyau, in auren nan ya lalace, ba wanda zai ce kes. Cewa za a yi ga wadda ta tona asirin surukanta tun kafin ta shiga. Wa zai sake tako ƙofar nan? Ki auri allo?"

Na juya wurin Umma ina neman ceto. Ta kawar da kai.

"Ni ban ce ki yi ƙarya ba," ta ce. "Amma yaron nan bai yi miki komai ba sai yarda da ya yi da ke."

Shi ke nan. Na rubuta masa, "Zan faɗa." Wannan karon ko minti ɗaya bai yi ba ya amsa. "Allah ya saka miki. Na san ba za ki bar ni ba." Har da hoton zuciya. Kwana uku ina roƙon kalma ɗaya.

Lahadi da safe na sa baƙar abaya marar ado da babban mayafi, na cire agogo da zobe, kada a ce na zo nuna boko. Ni na tuƙa, Gwaggo tana gefe tana koya min yadda zan yi da fuska. Masana'antar shiru, ba aiki. Muka wuce ta cikin rumbu, katifu a jere har rufi cikin leda, warin gam ya cika hanci. Ofishin yana sama, matakala ta ƙarfe. Gwaggo ta ce gwiwarta ba za ta iya ba, aka ba ta kujera a ƙasa.

Ban taɓa ganin Alhaji kusa haka ba. Na zata zan ga ƙaton mutum mai tsawa. Ɗan tsamurmurin tsoho na tarar, cikin farar jallabiya, da tabarau mai kauri, kujerar ta fi shi girma. Yaya Babba yana zaune a dama ya harɗe ƙafa. Mai Katifa yana tsaye a jikin bango, hannu a baya. A kan teburin ga takardata, duk an ja mata layi da biro, kusurwoyinta sun lanƙwashe don yawan buɗawa.

Na gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, har ya tambayi Umma. Ya ce wa Yaya Babba ya ba mu wuri. Ya fita yana jan ƙafa.

"'Yata, ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Kin iya rubutu. Sau uku na karanta, da idon nan nawa. Akwai inda kika yi min ƙarya, akwai inda ba ki yi ba. Wannan tsakanina da kaina ne. Abu ɗaya nake son ji. A ina kika samu?"

Na kalli kafet.

"A wayarsa na gani, Baba. Ya bar ta a falo ya fita salla, na buɗe na karanta. Bai sani ba. Laifina ne ni kaɗai."

"Duka a wayar?"

"Duka."

"Bai taɓa gaya miki komai da bakinsa ba?"

"Bai taɓa ba."

Na ji Mai Katifa ya sauke numfashi a bayana. Alhaji ya gyaɗa kai. Ya lashi yatsa ya buɗe takardar, shafi ɗaya, biyu, har na biyar. Ya kusantar da ita dab da fuskarsa, ya bi layin da yatsa, ya karanta a hankali kamar mai koyon karatu.

"'Mai kamfanin ya taɓa ce wa ɗansa na biyu: ba kujerar nake so ba, tsoro nake ji. In na sauka, gari ya waye, ina zan ce wa ƙafata ta je?'"

Na manta na sa wannan. Wallahi na manta. Na sa shi ne don ɗalibai su ji tausayin tsohon.

Ya ajiye takardar ya cire tabarau. Idonsa na hagu ya fi na dama ƙanƙanta.

"A asibiti na faɗa masa, ranar da aka yi min aikin ido. Fuskata a ɗaure, ba na ganin komai, yana riƙe da hannuna. Daga ni sai shi. Uwarsu ma ban taɓa gaya mata ba, shekara arba'in da huɗu muna tare. Yanzu an ce min yara ɗari da arba'in sun karanta, har maki za a ba su a kai."

Ya nuna ɗan nasa da yatsa.

"Tun ranar Alhamis ya rantse min cewa wayarsa kika ɗauka. Na ce to, nuna min. Ya zauna nan ya nuna min na hatimi, ya nuna min na motoci, ya nuna min na yayansa. Wannan kam babu shi a wayar. Ban ce masa komai ba, na ce bari in ji daga bakinki."

Alhamis. Ni kuwa sai Asabar ya zo falonmu da ramammiyar fuska yana cewa in yi tunani, rayuwarsa tana hannuna. Kwana biyu ina ɓarauniya a gidansu ban sani ba. Ba izinina ya zo nema ba, zuwa ya yi in sa hannu a abin da ya riga ya gama. Na juya na kalle shi. Takalminsa yake kallo.

"Na zata ke za ki gaya min gaskiya," in ji Alhaji. "Na ce wadda ta iya rubuta min abin da ba wanda ya taɓa gaya min a fuska, ba za ta zauna a gabana ta yi min ƙarya ba. Ashe na yi kuskure a nan ma."

"Baba, don Allah..."

Ya ɗaga hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga.

"Ba zan hana aure ba, an riga an yi magana da mutanen kirki. Ku yi aurenku, kun dace da juna. Kai kuma gobe ka karɓi makullanka, injuna ba su yi min laifi ba. Amma daga yau ba zan sake magana a gaban ɗayanku ba, sai gaisuwa. Ku sauka lafiya."

Ban san yadda na sauko matakalar ba. Gwaggo ta tare ni da ido, na ce mata bai fasa ba, an kuma mayar masa da makullai. Ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdulillahi! Ba na gaya miki ba? Ɗan sunkuyar da kai kawai. Yanzu sai maganar labule, ni dai kada ki ɗauko min mai duhun nan naki na 'yan boko."

Muna cikin mota tana ta lissafa mutanen da za ta kira, ni ina ganin titi dishi-dishi. Gobe da ƙarfe takwas zan tsaya a gaban aji, rukuni goma sha huɗu su fito ɗaya bayan ɗaya su gaya min yadda za a yi da tsohon nan da tsoronsa, ni kuma in riƙe biro ina ba da maki. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan safiyar ba.

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Shi ne. Na gangara gefen titi na tsaya. Har ga Allah na sa rai da kalma ɗaya, ko "yi haƙuri", ko "na ji kunya". Na buɗe.

"Da sai ki ce masa wancan ma a wayar kika gani kafin in goge. Kin yi shiru kin bar shi ya kama mu."

"Shi ne ko?" in ji Gwaggo tana murmushi. "Godiya yake? Amsa masa mana, kada ki bar yaro yana jira."

Na miƙa mata wayar. Ta nisantar da ita daga ido ta karanta, ta sake karantawa, leɓenta yana motsi. Murmushin ya tafi. Tunda nake da Gwaggo ban taɓa ganin ta nemi magana ta rasa ba.

"Gwaggo," na ce, "gaya min abin da zan amsa masa. Ke kika iya."

Ta kife wayar a kan cinyarta, ta juya tana kallon waje ta taga.